Haska Kaya da Hasken Gama: Abin da Zai Yi wa Wake da Albasarmu, da Abin da Ba Zai Yi Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon fili mu yi bayani a kan wata sana'a da ake yawan ambata idan zancen ajiyar wake da albasa ya taso, wato haska kaya da haske mai ratsa jiki don a kashe ƙwari da ƙwayoyin cuta, ko a sauya halin roba. Masu zancen sun kasu biyu. Akwai wanda da ya ji kalmar nukiliya sai ya ce guba za a zuba wa abinci. Akwai kuma mai ganin ranar da aka kafa injin a Maraɗi, ranar aka yi sallama da ƙwaron wake. Aikin na gaskiya ne kuma yana da amfani, amma kowane kaya da awonsa da sharaɗinsa, kuma ba kowane buhu ne ya cancanci a biya masa kuɗin mota zuwa can ba.

Hasken dangin wanda ake yin radiyo, wato hoton ƙashi, da shi ne a likita idan mutum ya karye, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ta hanya uku masana'antu ke samunsa. Akwai hasken gama da ke fita daga wani ƙarfe mai suna kobal-60. Wannan ba uraniyum ɗin Arlit ba ne, kobal ne na yau da kullum da ake sakawa cikin tukunyar nukiliya, galibi a Kanada da Rasha, ya shekara ko fiye a ciki har ya koma mai fitar da haske. Akwai inji mai aiki da lantarki da ke harba ƙwayoyin ilektaron a kan kaya. Sai na uku, inda ake sa ilektaron ɗin su daki farantin ƙarfe mai nauyi, su haifar da hasken ekis. Injuna biyun ƙarshe da an ɗauke wuta sun yi shiru. Kobal kuwa ba shi da makunni, dare da rana yana ci.

Ma'aunin aikin sunansa girei. Girei 1 shi ne jul 1 na makamashi ya shiga kilo 1 na kaya, girei 1000 kuma kilogirei 1. A kan wannan lissafi sana'ar duka ta rataya, kamar yadda aikin likita ya rataya a kan awon magani.

Ga mai tsoron guba: kayan ba ya taɓa kobal ɗin. Haske ne ke ratsa shi, kamar yadda wanda aka yi wa radiyo ba ya komawa gida yana haska iyalinsa. Abin da hasken ke yi shi ne ya tsinka zaren gado da ke cikin ƙwayar halittar ƙwaro ko ƙwayar cuta, ta kasa hayayyafa. Domin kada ƙarfinsa ya kai ga taɓa cibiyar ƙwayar zarra ta abincin, ƙa'idar duniya ta tsayar da ilektaron a miliyan 10 na ma'aunin ilektaron-bolt, hasken ekis a miliyan 5, shi kuwa na kobal bai wuce miliyan 1.33 ba. A 1980 kwamitin masana na hukumar abinci ta FAO da hukumar lafiya ta duniya da hukumar makamashin nukiliya ta duniya ya yanke cewa abincin da aka haska har zuwa kilogirei 10 ba ya ɗauke da haɗarin guba, aka sanya wannan cikin Codex, kundin ƙa'idojin abinci na duniya, a 1983, aka sabunta ta a 2003. Zafi ma kusan babu: kilogirei 10 digiri 2.4 kaɗai zai ƙara wa ruwa. Shi ya sa daskararren nama ke fitowa a daskarensa, sirinjin roba kuma ba ya narkewa.

Masana'antar kobal ɗaki ne mai bangon kankare kusan mita 2 a kauri. A tsakiyarsa akwai rijiya mai zurfin kamar mita 6 cike da tataccen ruwa. Kobal ɗin yana cikin sanduna, kowanne tsawon santimita 45, kaurin ɗan yatsa, an rufe shi ruf cikin bututu biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, an jera su a firam. Idan firam ɗin na ƙarƙashin ruwa, mutum na iya shiga ɗakin, ya leƙa ya ga ruwan yana wani shuɗin haske a kewayen sandunan. Idan za a yi aiki sai kowa ya fita, a kulle, a jawo firam sama. Kaya na shiga cikin akwatunan alminiyam a kan layin dogo ta hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar lungun tsohon gari, don hasken ba ya shan kwana. Kowane akwati sai ya zagaya ta gaba da ta baya, ta sama da ta ƙasa. Ba a ƙara wa kobal ƙarfi ko a rage masa. Lokacin da akwati ya yi a ciki shi ne awon. Ruwan rijiyar kullum ana tace shi, don in gishiri ya taru a ciki zai ci bututun. Akwai kuma fanka mai zuƙe iskar ozon da hasken ke haifarwa, wadda ke ƙona huhu idan aka yi gaggawar shiga.

Inda aiki ke yawan ɓaci shi ne rabon hasken cikin kaya. Gefen buhu na sha fiye da tsakiyarsa. Don haka kafin a karɓi sabon kaya, sai an cusa ƴan ma'aunai gommai a wurare daban-daban cikin akwati ɗaya, wasu kamar ƙwayar magani, wasu ƴan guntayen jar roba da ke ƙara duhu gwargwadon abin da suka sha. A haska, a ciro su, a karanta, a gano inda ya fi sha da inda ya fi ƙaranci. Dole mafi ƙaranci ya kai abin da zai kashe ƙwaro, mafi yawa kuma kada ya kai abin da zai ɓata kaya. Wannan taswira ta wannan kaya ce kaɗai, a wannan shiri. In an auna da buhu mai kilo 50, gobe wani ya kawo mai kilo 100 da aka danƙara har ɗinki na neman ɓallewa, tsakiyarsa ba za ta samu rabonta ba, kuma babu mai ganewa da ido. Ƴar takardar nan da ake mannawa a katan, mai juyawa daga rawaya zuwa ja, shaida ce kawai cewa katan ya bi ta ɗakin, ba ta faɗin nawa ya sha.

To mu zo kan wake, tunda shi ne abin da ya fi damun jiharmu. Ƙwaron wake tun a gona yake saka ƙwai a jikin kwanso, don haka buhun da aka ɗauko daga kasuwar Cadawa ko Tasawa da ɓarawonsa yake zuwa. Tsutsar na huda ƙwaya ta shige, ta ci daga ciki, cikin mako 3 zuwa 4 a lokacin zafi ta fito babban ƙwaro, ta bar ramin nan mai zagaye. Girei 200 zuwa 500 ya isa ya hana ƙwai ƙyanƙyashewa, ya tsayar da tsutsa, ya mai da manyan juya. Amma a lura da kalmar: juya, ba matattu ba. Babban ƙwaro na iya ci gaba da yawo kwanaki bayan an haska shi. Mai saye a Dawanau ya buɗe buhu ya ga abu na motsi, zai ce ba a yi komai ba, kuma ba ka da abin nuna masa sai takardar shaida. In ka ce a ƙara awo har ƙwaron ya mutu nan take, ka haura kilogirei 1 da yawancin ƙasashe suka tsayar wa hatsi, kuɗin aiki ya ninka, sitacin waken kuma ya fara kakkaryewa, ƙullin ya tsinke a hannun mai ƙosai.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Hasken ba ya barin komai a jikin wake. Wannan shi ne kyansa, shi ne kuma rauninsa. Minti ɗaya bayan fitowa, ƙwaro daga buhun maƙwabci na iya shiga ya fara sabon gida. Saboda haka tsarin aikin ba ya sauyawa: a shanya wake ya bushe ƙayau, damshinsa ya sauka ƙasa da kashi 13 cikin 100, a sheƙe, a tsince, a zuba cikin leda mai kauri a like bakinta, a sa cikin buhu a ɗinke, sannan a haska. Daga nan har hannun mai dafawa ba a huda shi. Al'adar nan ta soka wa buhu ƙarfe a zaro samfur a tafin hannu, ita kaɗai ta isa ta rushe aikin duka, haka ma ƙugiyar ƴan dako da ƙusar da ta leƙo a bayan kamyo. Kuma kada a kuskura a haska waken iri. Awon da ke hana ƙwaro haihuwa yana taɓa tsiron ma, ya fito a raunane ko a sauye.

A nan za mu faɗi abin da masu son babban inji ba sa son ji. Manomi mai buhu 5 ko 10 ba ya bukatar wannan fasaha. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, leda biyu masu kaurin maikiron 80 da buhun saƙa a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007 kuma masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na nan Maraɗi suka yi aiki sosai a kansa, yana kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska, a cikin ɗakin mai shi, ba kuɗin mota ba layi. Wanda haskawa za ta yi wa rana shi ne babban ɗan kasuwa mai tan ɗaruruwa a magaza, mai son ya rabu da piya-piya. Kowa ya san abin da ya faru a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya saboda ragowar wannan magani a jikinsa, alhali waken namu da yawa ta Ɗan Isa da Jibiya yake bi ya shiga kasuwa ɗaya da nasu. Ƙwayar fostoksin kuwa sai an rufe kaya ruf kwana 5 zuwa 7 take aiki, yawancin masu sa ta ba sa rufewa yadda ya kamata, ƙwari na sabawa da ita, kuma tana kashe mutanen da ke kwana ɗaki ɗaya da buhunan.

Albasa awonta kaɗan ne, girei 50 zuwa 150, kuma ba ƙwaro ake nema ba, idon tsiron da ke cikinta ake kashewa. Sharaɗinta lokaci. Bayan cira albasa na yin barci na ƴan makonni, kuma a cikin wannan barcin ake so a haska ta, kamar wata guda na farko. In ta riga ta farka tsiro ya fara motsi a ciki, hasken zai kashe shi a inda yake, mai miya ta yanka ta tarar da baƙin zare a tsakiya. Kafin nan sai an bar ta ta sha iska a inuwa har wuyanta ya bushe, an ware mai rauni da mai laushi. Haskawa ba ta maganin ruɓa, hasali ma albasa ko dankalin da aka haska ba ya warkar da ƙujewa kamar da. Ke nan kowace lodawa da saukewa tsakanin Galmi da wurin injin asara ce da dole a sa a lissafi, kuma bayan an dawo da ita rudu mai iska na nan a matsayinsa. Wadda za a dasa don a sami iri, ita ma ba a kai ta. Indiya ta gina irin wannan wuri a Lasalgaon, a bakin babbar kasuwar albasarta, amma abin da ya fitar da sunan wurin mangwaro ne, wanda tun 2007 ake haskawa da girei 400 a kai Amurka. Albasa kaɗai ba ta riƙe masana'anta, don kakarta ƴan watanni ce.

Akwai abubuwan da hasken ba ya iyawa sam, kuma gara a ji su tun yanzu. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna ta tara gubar afalatoksin, hasken zai kashe fumfunar ya bar gubar daram. Maganin wannan yana wajen shanya da tsinta. Kaya mai maiƙo, irin su ƙuli-ƙuli da kilishi mai tunkuza, in aka haska su iska na ciki sukan yi warin tsohon mai, sai dai a zuƙe iskar ledar tukuna a kuma tsaya a ƙaramin awo. Madara na sauya ɗanɗano tun a awo kaɗan. Ƙwayoyin bairos sun fi bakteriya taurin kai. Naman da ya fara wari kuwa da warinsa zai fito.

Dalilin da ya sa tsabta ke gaba shi ne yadda kisan ke tafiya. Hasken ba ya share ƙwayoyin cuta gaba ɗaya, kashi-kashi yake rage su. A ɗanyen nama, kusan kowane rabin kilogirei na kashe 9 cikin 10 na ƙwayoyin cutar salmonela da suka rage. In ka fara da 1000, kilogirei 1.5 ya kai ka ga ɗaya. In ka fara da miliyan, sai ka ninka awon. A busasshen kaya ƙwayoyin sun fi jurewa, shi ya sa yaji da tattasai da citta da garin zogale ke bukatar kilogirei 5 zuwa 10. A nan ne fasahar ta fi kowace, don tururi na dusashe launi ya kori ƙamshi, hasken kuwa yana barin jan tattasai da jansa. Sai dai mai niyyar kai kaya Turai ya yi tambaya kafin ya biya: a matakin Tarayyar baki ɗaya, busassun ganyaye da kayan yaji kaɗai aka amince a haska, kuma sai a masana'antar da su suka duba suka sa cikin jerinsu. Ka haska riɗi ko aya a wurin da ba su sani ba, ka saya wa kanka dalilin dawo da kwantena. Dole kuma a rubuta a jikin kaya cewa an haska shi; alamar da aka sani ita ce koren zobe mai hoton tsiro a ciki.

Abin da ke ciyar da yawancin masana'antun haskawa a duniya ma ba abinci ba ne, kayan likita ne: sirinji, safar hannu, auduga, bandeji, robar ƙarin ruwa, zaren ɗinki. Awon da aka saba kilogirei 25, abin da ake nema kuma shi ne a cikin kaya miliyan kada a sami fiye da ɗaya mai ƙwayar cuta da rai. Ana haska su cikin ledarsu, cikin katan ɗinsu a like, su fito a loda. Iskar gas ɗin da ake amfani da ita a madadin haka sai an bar kaya sun sha iska kafin ragowarta ta fita. Amma roba ba ɗaya ba ce. Wadda ake yin jikin sirinji da ita, in ba a haɗa ta da sinadarin kariya ba, takan yi rawaya, bayan watanni a ajiye ta yi gautsi ta tsage a hannun malamin asibiti. Robar da ake kira tefulon rugujewa take. Kwalba na komawa ruwan ƙasa. Kuma awo taruwa yake: kayan da aka maimaita wa haskawa don an yi shakkar ta farko ya sha 50 ke nan, ba 25 ba.

Wani ɓangaren kuma mutanen Maraɗi na riƙe da shi a hannu ba tare da sun sani ba. Dubi mai gyaran lantarkin mota ko babur: ya haɗa waya biyu, ya zura musu ɗan baƙin bututun roba, ya kara ashana, bututun ya tsuke ya kama wayar gam. Da haske aka yi wannan bututu. Robar leda a cikinta zarurruka ne dogaye kwance a kan juna, da sun ji zafi sai su zame, roba ta narke. In aka harba mata ilektaron kilogirei 100 zuwa 200, zarurrukan na ɗaurewa da juna su zama kamar saƙar raga. Sai a ɗumama bututun, a buɗa shi, a sanyaya shi a buɗe. Ranar da ya sake jin wuta ya koma girmansa na asali. Arthur Charlesby ne ya bayyana wannan hali a Ingila a farkon shekarun 1950. Da wannan dabara ake yin rigar wayoyin cikin injin mota, da yawancin wayar sola ta ƙwarai, wadda ke kwana a kan kwano a watan Afrilu ba ta yi laushi ta ɗiga ba. Mai haɗa sola da wayar gida ta yau da kullum don ta fi araha, bayan rani biyu zai ga bambancin a jikin rigar.

Yanzu lissafi, don shi ne zai ce a gina ko kada a gina. Ƙarfin kobal-60 na raguwa da rabi duk shekara 5.27, wato kusan kashi 12 cikin 100 a shekara, kashi 1 a wata, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Duk wata sai an ƙara wa akwatuna lokaci, duk ƴan shekaru sai an sayo sababbin sanduna, a cikin tukwanen dalma masu nauyin tan da yawa, ta teku, da izinin kowace ƙasa da za su ratsa, mu kuwa ba mu da gaɓa. Kobal mai ƙarfin kuri 100,000 (kuri shi ne ma'aunin ƙarfin kobal ɗin) na fitar da kusan kilowat 1.5. In muka ɗauka kashi 30 cikin 100 na hasken ne ke shiga kaya, a awa guda za a iya haska kamar tan 3 na wake a girei 500, wato buhu 30 da ɗoriya, ko kilo 160 na yaji a kilogirei 10, ko kilo 64 kacal na kayan likita. Wake na zuwa bayan kaka, albasa da bazara, mangwaro gab da damina. Watannin da ke tsakani kobal na ƙonewa a banza in babu kaya na kullum. Duk wanda ya kawo tsarin ginawa, a tambaye shi tan nawa zai shiga a watan Agusta, kuma na wa.

Injin ilektaron ba shi da wannan matsala, amma yana da tasa. Ko a ƙarfinsa na ƙarshe bai ratsa fiye da santimita 4 na ruwa ta gefe ɗaya, kamar 9 in an juya kaya an harba ta gefe biyu. Buhun wake mai kilo 100 ya fi ƙarfinsa. Sai dai a yi ƙananan ƙunshi masu faɗi, ko a baza waken a kan bel a ɗura daga baya, wanda ke buɗe wa ƙwaro ƙofar dawowa. Hasken ekis na ratsa buhu har da tarin buhuna, amma wajen juya ilektaron zuwa ekis kusan kashi 90 cikin 100 na wutar zafi take zama. Injunan biyu na son wuta tsayayya da ruwan sanyaya mai tsabta da ɗakin da ƙurar hunturu ba ta shiga. Mu da wutarmu ke zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma muka ga yadda aka yanke ta a 2023, dole tsarin ya zo da tashar wutarsa, a sa kuɗinta cikin kuɗin kowane buhu.

Haɗarin sana'ar ba a kan mai cin abinci yake ba, a kan ma'aikaci yake. A San Salbado a 1989, da Sorek ta Isra'ila a 1990, da Nesbij ta Belarus a 1991, an rasa rai a kowanne, kuma labarin kusan iri ɗaya ne: kaya ya maƙale a kan layi, ma'aikaci na son aiki ya ci gaba, ya zagaye makullin tsaro ya shiga alhali kobal na sama. Hasken ba shi da wari, ba shi da ƙara, ba a jin zafinsa sai bayan ya gama ɓarna. Ƙa'idar ita ce makullin da ke ɗaga firam shi ne na buɗe ƙofa, a ɗaure da na'urar awon haske ta hannu, kuma a gwada na'urar a bakin ƙofa kafin kowace shiga. Ranar da ƙararrawa ta fara damun mutane har wani ya cire mata waya, ranar ya kamata a rufe wurin.

Akwai gargaɗin da ya shafe mu ko ba a taɓa gina komai a nan ba, kuma ƴan gwangwan muke nufi. A Goyaniya ta Barazil a 1987 mutum 4 suka mutu bayan an fasa wani tsohon injin asibiti an sayar a matsayin ƙarfe. A Samut Parakan ta Tailan a 2000 mutum 3, a kasuwar Mayapuri ta Delhi a 2010 mutum 1. In ka ga dunƙulen ƙarfe da nauyinsa ya fi girmansa, ko mai alamar fanka mai kunne uku a kan rawaya, kada ka yanka, kada ka sa a aljihu, kada ka kai gida. A matsa nesa, a hana yara zuwa, a sanar da hukuma ta kira ARSN, mai sa ido kan harkar nukiliya a Yamai.

Kafin a yi zancen tubali, abin da ya kamata a fara mai sauƙi ne. Akwai wurin haskawa a Sheda kusa da Abuja, akwai wani a Kwabenya ta Akara. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da INRAN da ƴan kasuwar hatsi na iya ɗaukar wake daga tari ɗaya su raba uku: kashi ɗaya a buhun PICS, kashi ɗaya a like a haska da girei 300, kashi ɗaya a bar shi a buhun yau da kullum. A ajiye su magaza ɗaya wata 8. Duk wata a buɗe buhu guda daga kowane kashi, wanda ba za a mayar cikin gwajin ba, a ƙirga ƙwaya 100 a ga nawa ke da rami, a auna nauyi, a ba masu ƙosai da alala su gwada ba tare da an gaya musu wanne ne wanne ba. A yi wa albasa da garin tattasai haka. Sannan a fitar da abin da kowace hanya ta ci a kan tiya ɗaya, har da kuɗin mota da na duwan da na ƴan dako.

Wassalam.

Daga wasu malaman kimiyya da injiniyoyi,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar